Langar da Na Juyo da Ita

Ranar Juma'a, ashirin da huɗu ga Disambar 1976, jajiberen Kirsimeti, ina tsugune a bayan madafarmu a unguwar Kurmin Mashi cikin garin Kaduna ina goge tukunya da toka, sai na ji kukan akuyarmu ya canza. Wata uku ina kiwonta, na san kukanta na yunwa, na san na ƙishirwa, amma wannan ban taɓa jin irinsa ba. Na leƙa ta ɓular zanan da ya raba madafa da gindin gwanda, na hango Kawu Yohanna, ƙanin mahaifiyata, ya danne ta da gwiwa, wuƙar Baba mai ƙotar katako a hannunsa. Rana ko gama fitowa ba ta yi ba. Mama ta tafi injin niƙa da kayan miya, Baba ya wuce ofis, ƙannena biyu suna ta barci. Ya yanka, ya jira ta daina shure-shure, ya goge wuƙar a gashinta, sannan ya ɗago kai muka haɗa ido. Shekarata goma a lokacin. Ya ɗora yatsa a leɓensa, ni kuma na mayar da kaina cikin tukunya kamar akwai abin da na yar a ciki.

Wanda bai zauna a irin unguwarmu ba zai ce to mene ne, mutum ya yanka akuyar gidansu. Amma a gidanmu ba a taɓa yin haka ba. Mu Kirista ne, iyayena daga kudancin Kaduna suka zo, Baba yana aikin akawu a wani ofishin gwamnati. Hausa muke yi a gida, da ita muke addu'a, da ita muke waƙa a coci. Yaren kakanninmu gaisuwa kawai na iya da shi, sai faɗa idan Mama ta fusata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Malam Idi, malamin allo, kuma tun da na yi wayo duk dabbar da za a ci a gidanmu ranar biki shi ne yake yanka ta. Da hantsi yakan shigo da sallama, da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, ya tambayi Baba gajiya, ya juya dabbar gabas, ya gama, ya wanke hannu a butarmu ya fita. Saboda haka idan Mama ta zuba shinkafa da miya a langa ta aika gidajen maƙwabta, babu mai tambaya, buɗewa kawai ake yi a ci. Langar kuma ba ta dawowa wayam. Sai an saka gyaɗa ko kuka ko ƙwai biyu a ciki. Da sallah ta zo abin ya juya, tuwo da waina su riƙa shigo mana har mu rasa wurin ajiye kwano. Ko a babbar sallar da ta wuce makonni kaɗan kafin wannan rana, Malam bai samu halin yin layya ba, amma a cikin naman da mutane suka aiko masa sai da matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta ware mana haƙarƙari.

A wannan shekarar Malam ba ya gari. Rasuwa aka yi masa a Zariya, ya tafi ta'aziyya, amma kafin ya tafi ya shigo ya gaya wa Mama cewa ya bar wa Ladan, mai kiran salla a masallacin unguwa, sallahun yankan. Ladan kuwa ya cika alkawari. Ina shara a ƙofar gida ya iso, ɗan tsoho siriri mai yawan barkwanci, Kawu ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "An riga an yi, Baba, mun gode." Ladan ya ɗauka wani Musulmin aka kira, ya ce madalla, ya juya. Da Mama ta dawo ta ga ana fiɗa, ta tambaya ko Ladan ya zo, Kawu ya ce ya zo ya tafi. Shi ke nan. Duk duniya ni kaɗai na ga abin da ya faru, ni da ba na iya buɗe baki.

Don kuwa kunyata har suna ta yi a unguwa. A aji na san amsa sarai, amma idan Malama ta nuna ni sai harshena ya yi nauyi, in tsura wa yatsun ƙafata ido har ta gaji ta ce, "Rahila, wai bakin nan naki na ado ne?" Idan baƙi suka zo gida bayan ƙofa nake laɓewa. Abin da na rasa a baki sai ya koma idona. Na san wace mata ce ke zuwa famfon unguwa da bokiti mai yoyo, na san yaran da ke fita tara su zagaya bayan aji don kada a ga ba su zo da komai ba. Mutum ɗaya ce nake yi wa magana ba tare da zuciyata ta buga ba, ita ce Kulu, 'yar Malam Idi. Sa'ata ce, tare muke ɗiban ruwa, tare muke zuwa yankar wa akuya ciyawa a gonakin bayan unguwa, inda Mama ke da ɗan fegin kuɓewa da masara. Da yamma mu yi carafke da duwatsun da muka zaɓo masu santsi, ko mu zana ƙasa mu yi 'yar gala-gala har a kira magariba, ta ruga gida, ni ma in ruga. Kulu bakinta ba ya hutawa, ni nawa ba ya buɗewa, Inna takan ce Allah ne ya haɗa mu don kowa ta samu abin da ba ta da shi.

Amma ba daidai muke ba, kuma na san haka tun ban iya faɗarsa ba. Mu akwai albashin Baba a ƙarshen wata. Su sai abin da iyayen yara suka aiko ranar Laraba da abin da Allah ya hore na sadaka. A shekarar ne aka buɗe makarantar boko kyauta ga kowa, Malam ya yarda Kulu ta shiga, sai ga ta a aji ɗaya tana zaune a ƙasa a gindin mangwaro tare da ƙananan yara, ni ina aji huɗu a kan benci. Ni da takalmin roba, ita ƙafa a ƙasa. Idan rana ta yi zafi a hanyar dawowa mukan raba, kowa ƙafa ɗaya, muna tafe muna ɗingishi muna dariya. Ta wani gefen kuma ita ce 'yar gida. Ba wanda ya taɓa tambayar Kulu daga ina suka zo. Ni kuwa, da aka haifa a unguwar, da Hausar da ta fi ta wasu masu tambayar, sai ka ji an ce, "To amma ku asalinku 'yan ina ne?" Akwai yaran da ke kiranmu da sunan da ba na son maimaitawa, akwai kuma matan cocinmu da ke yi wa Mama gargaɗi kada in cika shiga gidan Malam. Tuwon masara da na dawa kowa ke ci a lokacin, shinkafa abincin biki ce. Tun farkon Disamba Kulu ta fara lissafin kwanaki da yatsunta, tana cewa, "Rahila, ki ce wa Mama ta sa mini hanta a ƙasan shinkafa, inda su Yaya ba za su gani ba."

Shi ma Kawu Yohanna ba mugu ba ne, kuma ba zan rubuta shi a matsayin mugu ba. Tsohon soja ne, bayan yaƙin basasa ya kama aiki a masaƙa a ƙetaren kogin Kaduna, yakan zo mana hutu da alewa a aljihu. Akwai wani labari da yake yawan bayarwa, ba ya dariya idan yana ba da shi. Wata rana ƙishirwa ta kama shi a wata unguwa, ya yi sallama a wani gida ya roƙi ruwa, aka ba shi a tsohon gwangwani, yana juya baya ya ji ƙarar gwangwanin an wurga shi bola. "Mu mu ci nasu, su ba za su ci namu ba," haka yakan ce. "Akuyarka, gidanka, bikinka, sai ka tsaya kamar yaro wani ya zo ya yanka maka." Da nake goge tukunyar nan na san abin da ke cin sa. Na kuma san cewa gobe ni za a ɗora wa langa a kai.

Yinin ranar na yi shi kamar mai zazzaɓi. Aka soya nama, ƙamshi ya cika unguwa, Kulu ta leƙo ta kan katanga tana shaƙar iska tana lumshe ido. Sau biyu na je zan gaya wa Mama. Na farko na tsaya a bayanta har ta juyo ta ce, "Lafiya?" na ce wai in ƙaro itace. Na biyu Kawu yana zaune a kan turmi yana kallona. Na riƙa lallashin kaina: nama nama ne, ba wanda zai sani, ba wanda zai yi ciwo, idan na yi magana Kulu ta rasa hantarta, Kawu ya tsane ni, bikin kowa ya lalace. Amma duk lokacin da na kai ƙarshen wannan lissafi sai in ga hannun Inna yana buɗe murfin langa ba tare da ko duba ciki ba, tana cewa bisimilla.

Washegari muka dawo daga coci cikin sababbin kaya, rigata mai ruwan ɗorawa tana ƙaiƙayi a wuya. Gida ya cika da baƙi, abokan aikin Baba biyu da matansu suna zaune a inuwar gwanda. Mama ta jera kwanoni bakwai a kan tabarma, na gidaje bakwai, ta fara da babbar langarta mai murfi mai zanen jan fure, wadda ba ta fitowa sai ranar biki. Na ga ta tura hanta ƙasan shinkafa. Ta naɗa mini gammo ta ɗora mini ta ce, "Gidan Malam tukuna. Ki ce ina gaishe da Inna, ki ce yaya kewar mai gida." Daga ƙofarmu zuwa zauren Malam bai fi taku talatin ba, kuma har yau ina iya tuna kowanne. Zafin langar yana ratsa gammo. Alluna suna jingine a bangon zaure, an share ƙasa tas. Kulu na tsaye a bakin ƙofa, ta wanke ƙafa, ta sa kwalli kamar bikinsu ne, tana ganina ta ɗaga murya, "Inna, ga ta nan!" Ta miƙo hannu biyu za ta sauke ni.

Ban sakar mata ba. Na riƙe langar gam, na juya, na kama hanyar gida. A unguwarmu ba a taɓa ganin an juya da abinci daga ƙofar mutane ba, kuma na ji idon matan da ke leƙe a bayana. Kulu ta biyo ni tana cewa, "Ke Rahila, kin haukace ne? Cokali kika manta?" Na shiga tsakar gida, na wuce baƙi, na tsaya a gaban Mama da langa a kai. Ban duƙar da kai ba, don in na duƙar miya za ta zube, ina jin wannan ne ya taimake ni. Na ce, da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba, "Mama, ba Ladan ne ya yanka akuyar nan ba. Kawu ne. Na gani."

Cokalin wani baƙo ya tsaya a hanya. Mama ta sauke mini langar a hankali ta ajiye. Ba ta tambaye ni ko na tabbata ba, ta dai dubi ƙaninta. Kawu ya miƙe ya ce, "Ni ne, Yaya. Hannuna kuturu ne? Sai yaushe za mu daina neman izini a cikin gidanmu?" Ɗaya daga cikin baƙin ya gyaɗa kai, na ga alamar maganar ta shige shi. Mama ta goge hannu a zaninta ta ce, "Yohanna, ban ce hannunka yana da wani abu ba. Naman nan ni zan fara ci. Wanda ya ba ka ruwa a gwangwani kuwa, Allah yana ganinsa. Amma ba Inna ba ce. Matar nan ita ta karɓi haihuwar Rahila, kuma shekara goma ba ta taɓa buɗe kwanona ta tambaye ni wa ya yanka ba. In kana da magana da su, ka je zaure ka faɗa wa Malam ido da ido, in raka ka. Amma ba za ka ɓoye ta a ƙasan shinkafata ka ɗora wa 'yata a kai ba." Baba, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya ce kawai, "Zauna, Yohanna."

Kulu na tsaye a bakin ƙofa ta ji komai, idonta a kan langar. Na kasa kallonta. Mama ce ta kira ta, "Kulu, 'yata, ruga ki kira mini Ladan. In kin dawo ki ce wa Inna ta ara mini tukunyarta da ludayi, ta kuma yi haƙuri, abinci sai la'asar." Sannan ta sa aka juye kwanonin bakwai, aka wanke su da toka, aka ɗora sabuwar shinkafa daga wadda ta ajiye don sabuwar shekara. Nama kuwa babu sai kajinta: zakara ɗaya da kaji biyu masu ƙwai, waɗanda take ji da su kamar 'ya'ya. Ta ce a kamo duka ukun.

Kajin biyu ba su ba da wahala ba, amma zakaran ya gane abin da ake ciki. Ya haye kan madafa, ya dira cikin kwandon tattasai, ya bi ta ƙarƙashin kujerar matar wani baƙo har ta yi ihu ta ɗage ƙafa. Ni da Kulu da ƙannena muka bi shi muka zagaye gida sau uku, rigata ta biki ta yi kaca-kaca. Ladan yana tsaye da wuƙa yana dariya yana cewa, "Wannan zakara ai ya fi ku ilimi." Kawu yana zaune a kan turmi ya haɗe rai, yana kallonmu kamar ba ya gani. Da zakaran ya zo wucewa ta gabansa karo na huɗu, sai kawai ya miƙa hannu ɗaya ya cafke shi a iska. Ya tsaya da shi a hannu, kowa na kallonsa. Ladan ya ce, "To soja, tunda kai ka kama fursunan, zo ka riƙe mini shi. Ni tsufa ya sa hannuna rawa." Kawu ya taka ya tsuguna, ya danne fukafukan da ƙafa, ya riƙe wuyan, kansa dab da hular Ladan. Bai yi dariya ba, amma bai tashi ba har aka gama ukun.

Ana kiran la'asar na sake ɗaukar langar. Wannan karon har cikin ɗakin Inna na shiga. Ta sauke ni da kanta, ta kama haɓata ta ɗago fuskata ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ashe bakin nan ajiye shi kika yi." Kulu ta tona ƙasan shinkafa ta samu hantar kaza guda uku, ƙanana, ta ce wai an cuce ta, ta ba ni ɗaya. Langar ta dawo gida da ƙwai shida, bayan kwana biyu kuma Inna ta aiko wa Mama da 'yar budurwar kaza. Da Malam ya dawo daga Zariya ya shigo gaisuwa, ya nemi Kawu musamman. Ina bayan ƙofa, wurina na kullum, na ji yana cewa malamai sun yi dogon bayani a kan yankan Kirista, wasu ma sun halatta, amma shi abin da ba ya so wa iyalinsa shi ne su ci abu cikin rashin sani. Kawu ya ba shi labarin gwangwanin. Malam ya ce a kawo ruwa a kofin da Kawu ke sha, ya shanye, ya ajiye, suka ci gaba da hirar tsadar taki. Ban ce Kawu ya canza ra'ayi ba; har ya rasu yana cewa abin ba daidai ba ne a ce ɓangare ɗaya ne kullum ke lanƙwasawa, kuma da na girma na gane maganarsa ba ta banza ba ce. Amma ya yi wata guda ba ya ba ni alewa, sannan ya dawo yana ba ni biyu.

Yanzu ina zaune a kudancin kogi. Bayan rigingimun da suka raba garin nan muka tashi, kamar yadda dubban mutane suka tashi, wasu suka yi kudu, wasu suka yi arewa. A layinmu duk coci ɗaya ko biyu muke zuwa, kowa na iya yanka akuyarsa da hannunsa, ba mai tambaya, kuma kwano ba ya zuwa gidan da abincinsu ya bambanta da naka. Jikokina ba su taɓa jiran tuwon sallah ba. Kulu tana Kurmin Mashi har yanzu, gwiwa ta hana ta yawo, bakin dai yana nan. Kowace shekara ranar ashirin da huɗu ga Disamba nakan sayi zakara, in ɗaure ƙafafunsa, in hau mota in ƙetare gada, babban ɗanta ya yanka mini a ƙofar zauren da alluna suke jingine a da. Washegari in sake ƙetarewa da langar Mama, jan furenta ya kusa gogewa, hanta a ƙasan shinkafa. 'Ya'yana suna cewa wahalar ta yi yawa, hanya biyu saboda kwano ɗaya, ga shekaru. Nakan ce musu a da taku talatin ne, yanzu ya zama gada, ba ni na matsar da gidan ba. Muddin wuyana zai ɗauki langa, zan kai ta.